Gonar gyaɗa da akwatin zaɓe: sharhi kan wurin tarihin Jimmy Carter da ke Plains

A kudu maso yammacin jihar Jojiya ta ƙasar Amurka akwai wani ɗan ƙaramin gari mai suna Plains, wanda mutanen cikinsa ba su kai dubu ɗaya ba, kuma a nan ne hukumar gwamnatin tarayya mai kula da gandun daji da wuraren tarihi take gudanar da wurin tunawa da Jimmy Carter. An kafa wurin a 1987, aka ɗaga matsayinsa a 2021, kuma manyan sassansa guda uku ba a haɗe suke ba: akwai gonar da Carter ya tashi a cikinta a ƙauyen Archery, akwai tsohuwar makarantar sakandaren garin wadda yanzu ita ce masaukin baƙi da gidan adana kayan tarihi, sannan akwai tsohuwar tashar jirgin ƙasa da ta zama hedikwatar yaƙin neman zaɓensa na shugaban ƙasa a 1976. Shiga kowanne daga cikinsu kyauta ne, ko sisi ba a karɓa.

Wanda ya san Carter a matsayin shugaban Amurka na 39, ko a matsayin dattijon da cibiyarsa ta yi wa cutar kurkunu taron dangi a ƙauyukan Afirka, zai iya mantawa da cewa mutumin ya shafe kusan shekara goma yana awon gyaɗa da sayar da taki da iri kafin ya nemi kujera, sannan ya yi shekara huɗu a majalisar dattawan jiha da wasu huɗu a gidan gwamna tun duniya ba ta san sunansa ba. Da wannan ɓangare na rayuwarsa na auna wurin. Abin da na samu shi ne an ba manomi haƙƙinsa cikakke har da gyara, amma ɗan siyasar jiha, wanda shi ne gadar da ta haɗa gona da fadar shugaban ƙasa, bai samu rabon da ya kamace shi ba.

Gonar Archery, wadda ke da nisan kamar mil uku yamma da Plains, ita ce ta fi komai a wurin, kuma da a ce mutum sashe ɗaya kawai zai iya gani, to ita ce zan ce ya nufa. Iyalin sun koma can a 1928, lokacin Carter yana ɗan shekara huɗu, kuma bai bar ta ba sai a 1941 da ya tafi karatu. Mahaifinsa, Earl Carter, yana da eka kimanin 360 a wurin, yana noma auduga da gyaɗa da masara da rake, yana kuma kiwon dabbobi. Da hukumar ta gyara gonar ta buɗe ta ga jama'a a shekarar 2000, sai ta yanke shawarar mayar da ita yadda take kafin wutar lantarki ta iso a 1938, kuma wannan shawara ce ta sa wurin ya yi armashi, domin ba a yi wa talaucin zamanin kwalliya ba, ba a kuma ƙara masa gishiri ba. Gidan katako ne marar bene, ana ɗumama shi da itace, masai yana can bayan gida, kuma a ɗakin wankan da aka yi daga baya, bayan an kafa famfon da iska ke juyawa a 1935, abin da ake tsayawa a ƙarƙashinsa bokiti ne da aka huda gindinsa aka rataye, ruwan sanyi na zuba ta hudojin. Duk da haka, a gefen gidan akwai filin wasan tanis na jar ƙasa da mahaifin ya yi wa kansa, wanda shi kaɗai ya isa ya shaida wa baƙo cewa a ma'aunin Archery waɗannan mutane masu hali ne.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce akwatunan sauti da aka kakkafa a wurare daban-daban na gonar, waɗanda idan ka danna maɓalli sai ka ji muryar Carter da kansa yana ba da labarin abin da kake kallo. Jin mai gona yana bayani da bakinsa, a hankali, da lafazin mutanen kudu, ya fi allon rubutu nesa ba kusa ba. Daga labaransa ne mutum yake gane nauyin aikin: yadda ake kaɗa ƙararrawa tun kafin ketowar alfijir, a kama alfadarai da hasken fitila a ɗaura musu garma, yadda ake tumɓuke gyaɗa a kakkaɓe ƙasar jikinta a jera ta a jikin sanduna har ta bushe, da kuma aikin da ya fi tsana, wato shafa wa kan auduga haɗin guba da dafaffen ruwan rake mai danƙo domin kashe ƙwaron da ke cinye ta, har wandonsa ya bushe ya ƙage. Wannan ƙwaro ne ma ya tura manoman yankin da yawa suka rungumi gyaɗa, kuma a yau Jojiya ita ke noma kusan rabin gyaɗar Amurka. Har yanzu ana shuka 'yan kadadu na amfanin da aka saba nomawa a lokacin, akwai maƙera, akwai dabbobi, saboda haka yaro ɗan birni da bai taɓa ganin gyaɗa a cikin ƙasa ba zai gan ta da idonsa idan ya zo a lokacin da ya dace.

Akwai ɗan kanti daf da gidan wanda ya kamata a tsaya a duba da kyau. A nan ne Earl Carter yake sayar wa ma'aikatansa da maƙwabta gari da sukari da taba da tufafin aiki da magunguna, sau da yawa bashi, a cire daga lada ko daga amfanin gona idan kaka ta yi. Kantin ba ya zama a buɗe kullum, sai mai saye ya zo ya buga ƙofar baya, a tura Jimmy da mabuɗi ko da yana tsakiyar cin abinci. Wanda ya kalli kantocin da idon basira zai gane yadda tattalin arzikin gonar yake tafiya, domin mai ƙasa shi ne mai biyan lada, shi ne mai ba da bashi, shi ne kuma mai riƙe da littafin lissafi.

Hukumar ta cancanci yabo a kan yadda ba ta ɓoye batun wariyar launin fata ba. Archery ƙauyen baƙaƙen fata ne, iyalai biyu kacal ne farare a cikinsa, kuma mutumin da ya fi kowa daraja a ƙauyen shi ne Bishop William Decker Johnson, wanda ya kafa makaranta a wurin. An adana ɗan gidan Jack da Rachel Clark, ma'aikatan gonar, mai bangon katako da aka lilliƙa wa jaridu don tare iska, inda Carter yakan kwana a ƙasa idan iyayensa sun yi tafiya. Jack ne mai kaɗa ƙararrawar asuba, Rachel kuwa ita ta koya masa kamun kifi, kuma ya sha faɗin cewa tana cikin mutanen da suka fi tasiri a rayuwarsa. Taku kaɗan ne tsakanin wannan gida da na maigida, amma ganin su ɗaya bayan ɗaya yana bayyana tazarar da babu allon bayani da zai iya bayyanawa. Akwai labarin da Carter ya bayar na damben Joe Louis, Ba'amurke baƙar fata, da Max Schmeling, Bajamushe farar fata, a 1938, lokacin da maƙwabta baƙaƙe suka roƙi a bar su su saurara, aka ɗora rediyo mai batir a taga, suka tsaya a tsakar gida. Louis ya gama da abokin karawarsa tun a turmin farko, amma ba wanda ya ce uffan; godiya suka yi wa maigida, suka tsallaka hanya suka shiga gidansu, sai a can ne ihun murna ya ɓarke. Mahaifin mai ra'ayin wariya ne, mahaifiyar kuwa, Lillian, ma'aikaciyar jinya ce da ke shiga gidajen baƙaƙe tana duba marasa lafiya, kuma duk siyasar da ɗansu ya yi daga baya tana ɗauke da wannan ja-in-ja na cikin gida.

Makarantar sakandaren ita ce ya kamata a fara da ita bisa tsari, domin a nan ake samun taswira da ma'aikatan da za su nuna hanya, kuma na same su masu haƙuri da tambaya da sanin abin da suke faɗa. Carter ya gama makarantar a 1941, matarsa Rosalynn ta gama a 1944, kuma an rufe ta a 1979. An gyara aji ɗaya da ofishin shugaba yadda suke a shekarun 1930, akwai zauren taro da ake nuna ɗan gajeren fim a cikinsa, akwai kuma kwaikwayon teburin ofishin shugaban ƙasa inda baƙi ke zama su ɗauki hoto. An ba malamarsa Julia Coleman matsayin da ya dace da ita, ita da Carter ya ambata a jawabinsa na kama mulki a 1977. Makarantar fararen fata ce zalla a zamaninsa, kuma wurin bai rufe wannan ba. Tashar jirgin ƙasa kuwa, wadda aka gina a 1888, ƙarama ce, ana iya gama ta cikin ɗan lokaci: hotuna ne da allunan kamfe da labarin jirgin da ya kwashi mutanen gari zuwa Washinton domin bikin rantsar da shi. Tana da daɗin gani, amma labarin da take bayarwa shi ne wanda kowa ya riga ya sani.

Idan aka lura, gine-ginen uku sun ɗauki ƙuruciya da makaranta da takarar shugaban ƙasa, wato daga 1941 sai a yi tsalle zuwa 1976, kuma shekarun da ke tsakani sai a allunan bango ake samun su. Wannan ba sakacin kowa ba ne, yanayin wurin ne ya kawo haka, domin abubuwan sun faru a gine-ginen da ba sa hannun hukumar ko kuma a garuruwa masu nisa. Amma ga mai son sanin yadda manomi ke zama ɗan majalisa, a nan ne nama yake. Carter ya gama makarantar sojan ruwa ta Annapolis a 1946, ya yi aiki a jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku, kuma yana kan hanyar ɗaukaka sai mahaifinsa ya rasu a 1953, mahaifin yana ɗan majalisar wakilan jiha a lokacin. Ya ajiye kaki ya dawo gida ba da son ran matarsa ba, suka zauna shekara guda a gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi, a gida mai lamba 9A, wanda ana iya ganinsa daga waje. A 1954 aka yi fari, ribar da ya samu a shekarar ba ta kai dala 200 ba. Daga wannan ramin ne shi da Rosalynn, wadda ta riƙe lissafi, suka bunƙasa siton da mahaifinsa ya bari, wanda ke sayen gyaɗa daga manoma, yana sayar musu da ingantaccen iri da taki, yana ɓare gyaɗa da gurzar auduga.

A ganina wannan sito shi ne makarantar siyasarsa ta gaskiya, kuma shi ne abin da na fi so a ce an buɗe wa baƙi da irin kulawar da aka ba gonar. Mai sito a ƙauye ya san kowane manomi da sunansa, ya san wanda gonarsa ta yi kyau da wanda bashi ya kama, kuma a bakin ma'auninsa ake hirar gari. A nan ne aka gwada shi lokacin da ƙungiyar fararen fata masu kare wariya ta nemi ya shiga ya ƙi, wasu abokan ciniki suka ƙaurace masa na ɗan lokaci. A waɗannan shekaru ne kuma ya shiga hukumar ilimi ta gundumar Sumter har ya shugabance ta, ya goyi bayan haɗe ƙananan makarantu a 1961, jama'a suka kayar da shirin a ƙuri'ar raba gardama, har da mutanen garinsu. Mutumin da aka yi wa haka a gida, da yawa za su koma gona su rufe bakinsu, shi kuwa shekara na zagayowa ya fito takara.

Zaɓen 1962 shi ne labarin da ya fi cancantar ɗaki guda na kansa. Kafin lokacin, Jojiya tana da wani tsari na zaɓen fidda gwani wanda ba yawan ƙuri'un mutane ake bi ba, maki ake ba gundumomi: cikin gundumomi 159, manya takwas suna da maki shida-shida, talatin na bi musu suna da huɗu-huɗu, sauran 121 suna da bibbiyu. Ma'anarsa ita ce ƙananan gundumomi uku da mutanensu ba su taka kara sun karya ba suna daidai da gundumar da birnin Atlanta yake ciki, kuma hakan ya mayar da iyayen gidan siyasa na karkara sarakunan da ba a ja da su. Kotunan tarayya suka rushe tsarin a 1962, aka sake yanka mazaɓun majalisar dattawa, aka samu sabuwar mazaɓa ta 14 mai gundumomi bakwai. Carter ya shiga takarar kamar mako biyu kafin ranar zaɓe, ya kara da Homer Moore. A garin Georgetown na gundumar Quitman, uban gidan siyasar wurin, Joe Hurst, ya tsaya a kan akwati yana faɗa wa mutane wanda za su zaɓa, kuma da aka buɗe akwatin sai ƙuri'u suka fi masu zaɓe yawa, aka samu matattu da fursunoni da waɗanda suka daɗe da barin gari duk sun jefa, wasunsu ma bisa jerin haruffan sunayensu. Aka ce Carter ya faɗi da 'yar rata. Ya ƙi yarda, ya ɗauki lauya Charles Kirbo, ɗan jarida John Pennington ya fallasa abin a jaridar Atlanta, alƙali ya soke akwatin Georgetown, kuma da aka sake karawa a babban zaɓe Carter ya ci da ratar ƙuri'a fiye da 800. Da ya bar wa Allah kamar yadda aka ba shi shawara, da babu sanata, babu gwamna, babu tashar jirgin da ake zuwa ɗaukar hoto. Georgetown tana can bakin kogin Chattahoochee, a iyaka da jihar Alabama, kuma babu wani sashe na wurin tarihin da ya kai can.

Aikin majalisar jiha a Jojiya ba na cikakken lokaci ba ne, kimanin kwana 40 ake zama a farkon shekara, lokacin da aikin gona ya yi sauƙi, shi ya sa manomi yake iya riƙe kujera bai saki garma ba. Carter ya yi alkawarin ba zai jefa ƙuri'a a kan wani ƙuduri ba sai ya karanta shi, alkawarin da ya tilasta masa shiga ajin koyon saurin karatu, kuma ya yi ƙoƙari har kwalejin da ke Americus ta zama mai ba da digiri. A 1966 ya nemi gwamna ya zo na uku a zaɓen fidda gwani, kujerar ta faɗa hannun Lester Maddox, fitaccen mai kare wariya. A 1970 ya dawo ya kayar da tsohon gwamna Carl Sanders, kuma a nan ne mai sharhi na gaskiya ba zai kawar da kai ba, domin kamfen ɗin da ya yi ya nemi ƙuri'un masu ra'ayin wariya da gangan, yana zana abokin takararsa a matsayin attajirin birni wanda bai san talaka ba. Ranar 12 ga Janairun 1971 kuma, a jawabinsa na kama aiki, ya ce lokacin nuna bambancin launin fata ya wuce, waɗanda suka zaɓe shi da wata manufa suka ji kamar an yaudare su. Ya haɗe hukumomin jiha kimanin 300 zuwa 22, ya hana gina madatsar ruwa a kogin Flint, ya sa aka rataya hoton Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, a ginin majalisa a 1974, duk wannan kuma Maddox yana mataimakinsa suna zaman doya da manja. Ko ya yi daidai da ya bi waccan hanya don ya samu ikon yin wannan aiki, tambaya ce da wurin tunawa a garin haihuwar mutum ba ya cika son zurfafawa a cikinta, kuma baƙon da bai zo da ita a ransa ba zai iya fita bai ji nauyinta ba.

Ta fuskar zirga-zirga, sai mutum ya shirya. Plains tana da nisan tafiyar kamar awa biyu da rabi a mota daga Atlanta, kuma ba tare da mota ba abin zai yi wuya, musamman tsakanin gari da gona, sai dai wanda ya dace da jirgin ƙasan yawon buɗe ido da ke tasowa daga Cordele a wasu ranaku, wanda yakan tsaya a Plains da Archery. Wuraren kwana da na cin abinci sun fi yawa a Americus, mil goma gabas. Zafin tsakiyar shekara a kudancin Jojiya mai gumi ne, ga ƙananan ƙudaje masu shiga ido, kuma yawancin yawon gona a fili ake yin sa, don haka watan Satumba zuwa Oktoba ya fi, lokacin da ake cire gyaɗa kuma garin ke bikinta na shekara. Bayanan duk da Turanci suke, kuma lafazin Carter a akwatunan sauti yana buƙatar a kasa kunne sosai. 'Yan shagunan babban titi, waɗanda ba na hukumar ba ne, suna sayar da gyaɗa iri-iri da tsofaffin bajojin kamfe. Gidan da Carter da Rosalynn suka gina a 1961 suka zauna a ciki har ƙarshen rayuwarsu yana cikin garin, kuma a harabarsa aka binne su, ita a 2023, shi bayan rasuwarsa ranar 29 ga Disambar 2024 yana da shekara 100. Ya kamata a tambayi ma'aikata abin da aka buɗe wa baƙi a can kafin a nufe shi.

Yini guda ya ishi mutum ya ga sassan uku a natse, kuma gonar ce ta cancanci kaso mafi tsoka na yinin. Ɗalibin tarihi ko na siyasa wanda shekarun majalisa da na gwamna suka dame shi, shawarata ita ce ya karanta labarin 1962 da na 1970 tun kafin ya taso, sannan ya ware wata rana ta dabam don ɗakin karatu da gidan tarihin Carter da ke Atlanta da kuma ginin majalisar jihar, inda aka kafa masa mutum-mutumi sanye da kayan aiki, hannun riga a naɗe.